Amsoshin Tambayoyinku: Shin hoto zai iya faɗin tarihin takobin gado?

TAMBAYA: Ni malamin firamare ne a Kiyawa. Na ji a rediyo ana cewa yanzu da hoton kwamfuta ake gano inda kayan gidajen tarihi suka fito da hannuwan da suka bi. A gidanmu akwai takobi da Alƙur'ani rubutun hannu da muka gada kaka da kakanni, babu wanda ya san shekarunsu. In na ɗauke su a waya na tura wa masana, za su iya gaya mana? Sannan irin wannan aiki zai yi amfani a zanen duwatsun Birnin Kudu da muke kai ɗalibai su gani?

AMSA: Malam, Allah ya ƙara basira, ya kuma yi wa ɗaliban albarka.

Abin da ka ji a rediyo gaskiya ne, sai dai an gajarta maka shi. Babu na'urar da za a nuna wa hoton takobi ta ce an ƙera shi shekara kaza a gari kaza, kuma duk wanda ya ce ka turo hoto da ɗan abin goro zai faɗa maka shekarar, ka riƙe kuɗinka. Aikin hoto shi ne ya tabbatar cewa ran kaza wannan abu yana wuri kaza, ga kuma kamarsa a ranar. Amma in aka sami irin wannan shaida biyu ko uku da shekaru a tsakaninsu, aka jera su kusa da rajistar gidan tarihi da takardun dillalai da abin da dattawa suka riƙe a ka, sai hanyar da abin ya bi ta fara bayyana. Kamar mai bin sawun saniyar da ta ɓace ne, sawu ɗaya ba ya gaya masa inda ta nufa sai ya ga na biyu da na uku. Abin da kwamfuta ta ƙaro shi ne saurin jera shaidun, da fito da waɗanda ido ba ya gani.

Bari in ba ka misali daga ƙasar nan. A arewacin jihar Kuros Riba, wajen Ikom, akwai duwatsu da magabata suka sassaƙa da fuskar mutum suka kakkafa a ƙauyukansu. Mutanen Bakor suna danganta su da shugabanninsu da suka shuɗe. A 1961 da 1962 hukumar kayan tarihi ta wancan lokaci ta sa wani tsohon jami'in gandun daji, Philip Allison, ya zaga ƙauyukan ya ɗauki hoton duwatsun, ya rubuta sunan wurin da kowanne yake. Ya lissafa kusan 300. Ba a daɗe ba yaƙin basasa ya ɓarke, a cikinsa da bayansa duwatsu da dama suka yi ɓatan dabo, sai ga su suna ɓullowa a hannun dillalan Turai da Amurka. Daga 2016 wata gidauniya ta ƙasar Sifen mai suna Factum, tare da Jami'ar Kalaba da ƙungiyar TARA mai kula da zanen duwatsu a Afirka, suka koma wuraren suna ɗaukar waɗanda suka rage. Kowane dutse sukan zagaye shi da hotuna masu yawa, kowane hoto na hawa gefen na kusa da shi, sai manhaja ta haɗa su ta fitar da siffar dutsen gaba ɗaya, tsawo da faɗi da kauri, wadda za a iya jujjuyawa a kwamfuta a auna. A wani wuri da ake kira Ntitogo akwai gindin dutse wanda aka raba da samansa. Hoton Allison ya nuna dutsen tun yana cikakke, saman kuwa ashe yana New York, a gidan tarihi na Metropolitan. Aka ɗauki siffar na can, aka kawo ta nan, aka haɗa su a kwamfuta suka koma dutse ɗaya. A 2023 kuma gidan tarihi na Chrysler da ke jihar Virginia ya mayar wa Nijeriya wani dutsen Bakor, bayan an nuna masa hoton 1961 na dutsen yana tsaye a ƙauyensa.

Ka lura da abin da ya yanke hukunci a nan, Malam. Sabuwar na'ura ta taimaka ƙwarai, amma da babu tsohon hoton nan baƙi da fari, wanda wani ya ɗauka ya kuma yi haƙurin rubuta sunan ƙauye a jikinsa, da babu inda za a kama. Mai riƙe da dutsen sai ya ce ai tun zamanin Turawan mulki aka fitar da shi, wa zai ƙaryata?

Kayan Benin ma haka ne, sai dai girman aikin ya fi. Sojojin Ingila sun kwashe su a 1897, suka watsu a duniya. A Nuwamban 2022 aka buɗe rumbun intanet mai suna Digital Benin, wanda ya tara hotuna da bayanan kaya 5,246 daga cibiyoyi 131 a ƙasashe 20. Daga ɗakinka a Kiyawa kana iya buɗe abu ɗaya ka ga gidan tarihin da yake yanzu da sunayen waɗanda ya bi ta hannunsu, inda rajista ta kiyaye. Abin da ya fi burge ni shi ne sun jera kayan da sunayensu na harshen Edo, sun kuma naɗi bayanin mutanen Benin a kan amfanin kowanne.

To mu dawo gidanku. Takobi ba shekara ɗaya gare shi ba, wannan ne farkon abin da za ka sani. Ruwan takobin na iya girmar mariƙinsa da shekara ɗari, kube kuwa wataƙila baduku ya sabunta shi a zamanin mahaifinka, hamila ma an canza ta ba sau ɗaya ba. Da yawa daga takubban ƙasar Hausa da na Buzaye ruwansu daga Turai ya zo, musamman daga garin Solingen na Jamus, ya ratso Sahara, a nan aka sa masa mariƙi da kube. Irin waɗannan ruwa sukan zo da tambarin maƙera, ko siffar jinjirin wata guda biyu, ko ta wata dabba tana gudu, ko wasu haruffa. Sai dai maƙeranmu ma sun iya aikinsu, da suka ga tambarin na ƙara wa takobi daraja sai suka riƙa buga irinsa a nasu. Saboda haka ganin wata biyu a jikin takobinku bai isa a ce daga Jamus ya zo ba, sai an ga yadda aka yi tambarin, bugawa aka yi da hatimi ko tsagawa da hannu, zurfinsa nawa, gefensa kaifi ko daƙushe.

A nan hoto ke da aiki. In ka haska fitila kai tsaye a kan ƙarfen da ya sha goga, ba ka ganin komai sai ƙyalli. In ka kwantar da hasken ya zo daga gefe, kusan a kwance da ƙarfen, kowane ɗan rami zai yi inuwa, tambarin da ya shafe ya taso. Masana sun mai da wannan dabara ilimi. A 2001 wani mai bincike a kamfanin HP, Tom Malzbender, da abokan aikinsa suka fito da hanyar kafe kyamara wuri ɗaya, a riƙa matsar da fitila ana ɗaukar hoto gommai, daga baya aka ƙara wata ƙwallo mai sheƙi a gefe wadda ke nuna inda haske ya fito a kowane hoto. Manhaja ta haɗa su, sai mai bincike ya zauna gaban kwamfuta yana yawo da hasken yadda ya so. Da wannan ake karanta rubutun da ya goge a kan tsabar kuɗi da duwatsun kabari. Kai ma da tocila da ɗaki mai duhu za ka sami rabin amfanin. Akwai kuma abin kwatantawa, don a 1964 A. D. H. Bivar ya wallafa littafi mai suna Nigerian Panoply a kan takubba da sulke na fadojin Arewa.

Alƙur'anin ya fi takobin saurin magana. Da alwalarka, fara da warƙar ƙarshe, domin wasu marubutan sukan sa sunansu da na mahaifinsu, wani lokaci har ranar da suka kammala. In babu, sai a koma ga takardar kanta. Ɗaga warƙa ɗaya ka sa haske a bayanta. A yawancin tsofaffin littattafan ƙasar nan za ka ga alama a cikin jikin takardar, wadda masu yin ta suka saka tun tana ɗanya, mafi shahara ita ce jinjirin wata uku a jere. Takardar arewa maso gabashin Italiya ce, ta yankin Venice, tana zuwa ta Turabulus da Masar a bayan raƙuma. Masana'antu da yawa sun yi ta tsawon ƙarnoni, don haka watan kaɗai bai faɗi zamani ba, sai an nemo ƙaramar alamar kamfani a wata warƙar. Wadda aka fi gani a littattafan Arewa na ƙarni na 19 ita ce ta gidan Galvani na Pordenone, sau da yawa da harufan AG. Wata masaniyar takarda daga Amurka, Michaelle Biddle, ta yi shekaru tana bin ɗakunan littattafan Arewa tana tattara waɗannan alamu, kuma hoton da aka ɗauka da haske a bayan warƙa shi ne abin da irinta ke buƙata daga gare ka. Hukuncin da za a iya yankewa mai iyaka ne amma mai ƙarfi, rubutu ba ya girmar takardar da ke ɗauke da shi. In takardar ta ƙarshen ƙarni na 19 ce, to maganar cewa tun kafin jihadi aka rubuta shi ta faɗi, ko da kuwa daga bakin babban kawu ta fito. Salon hannu, da kalar tawada, da zayyanar da ke kan hizbi da subu'i, da ɗinkin gafaka, duk suna ƙara haske, kuma alarammomin Dutse da Ringim da Haɗeja za su gane hannun wata tsangaya fiye da kowace kwamfuta.

Za ka ji ana maganar gwajin kabon. Ba ya aiki a kan ƙarfe irin yadda yake yi a kan itace da ƙashi da fata, yana buƙatar a yanki ɗan guntu a lalata, kuma ga abin da bai wuce shekara 300 ba amsarsa na zuwa da faɗi, ta ba ka zamani biyu ko uku ka zaɓa. Da shi aka san kwalekwalen Dufuna na jihar Yobe, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987, ya kai kimanin shekara 8,000. Ga Alƙur'anin gidanku kuwa bai cancanci a taɓa warƙa ɗaya saboda shi ba.

Akwai matakin da ya wuce waya da tocila, wato hoton da ke ratsa abu, irin na asibiti. Idan masu haƙa suka tarar da kabari wanda kayansa suka narke cikin ƙasa, ba sa tsintar su ɗaya ɗaya, sukan yanko ƙasar dunƙule guda su kai ɗakin bincike, a fara ɗaukar hoton cikinta kafin a sa mata hannu. Kayan kaburburan Durɓi ta Kusheyi na ƙasar Katsina, inda aka fara haƙa a 1907 aka sake a 1992, sai da aka kai su birnin Mainz na Jamus aka yi musu aikin gyara da bincike. Daga nan aka san akwai zinariya da hauren giwa da wuri da tasar ƙarfe wadda ta fito daga Gabas ta Tsakiya, shaidar cewa masu mulkin wurin suna cikin kasuwancin duniya ɗaruruwan shekaru kafin Bature ya leƙo.

Yanzu Birnin Kudu, wanda a ganina shi ne rabin tambayarka mafi nauyi. A tsakiyar shekarun 1950 Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya yi bincike a kogunan duwatsun garin, ya bayyana wa duniya zanen shanu da ke jikinsu da kuma duwatsu masu amo da ake bugawa su yi ƙara kamar ƙarfe. Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu suna cikin wuraren da aka sani, kuma Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa na da ofishi a garin saboda su. In ka sake kai ɗalibai, ka ce su dubi bayan shanun. Akwai marasa tozo a cikinsu, alhali shanun da Fulani ke kiwo a Jigawa yau masu tozo ne. Wannan kaɗai ya nuna mai zanen ya ga wani irin garke da ba shi ke yawo a dajin nan yanzu ba.

Aikin da Fagg ya bari ya zama wa Birnin Kudu abin da na Allison ya zama wa Bakor, wato shaidar farko. Shekara saba'in ke nan. In aka tsaya inda masu binciken farko suka tsaya aka ɗauki sabon hoto, aka ɗora shi kan tsohon, za a ga wace saniya ta dushe, ina dutse ya ɓantare, ina hayaƙi ya rufe, ina wani ya rubuta sunansa da gawayi. Akwai kuma manhaja mai suna DStretch, wadda Jon Harman ya fitar a 2005 daga wata dabara da hukumar NASA ta Amurka ke amfani da ita a hotunan sama. Tana ɗaukar bambancin launi ɗan kaɗan, wanda ido ba ya rabewa, ta ƙara masa ƙarfi, sai jan zanen da ya saje da dutse ya fito fili. A wurare da yawa a duniya ta fito da siffofin da mutane suka shekara suna wucewa ba su gani ba, ta kuma nuna wane zane ne ya hau kan wane, wato wanne ya riga. Akwai ta a waya. Sai dai launin da take fitarwa ba na gaskiya ba ne, dole a ajiye hoton asali kusa da shi. Duwatsu masu amon kuma hoto bai ishe su ba. Siffar kwamfuta za ta auna zurfin ramukan da bugu ya yi, amma sai an naɗi sautin, an kuma zauna da tsofaffin garin, maza da mata, sun faɗi lokacin da ake zuwa wurin da dalilin zuwan. Na san akwai masu ƙyamar wurin suna cewa kayan maguzanci ne. Rubuta tarihin abu ba bauta masa ba ne, malamanmu na da ma sun rubuta sunayen sarakunan da suka gabaci Musulunci.

Wani roƙo a nan, kada ka bari yaro ya watsa wa zanen ruwa don ya fito a hoto, ko ya bi layinsa da alli. An yi haka a da a ƙasashe da yawa, an kuma yi nadama.

Ga yadda za ka yi da kayan gida. Fitar da su inuwa da safe, shimfiɗa farin ƙyalle ko toka-toka marar ado, ajiye rula a gefe don a san girma. Ɗauki abin gaba ɗaya, gaba da baya, sannan ka matso kan kowace alama, kowace karaya, kowane gyara, domin tabo shi ne ke bambanta takobinku da dubun irinsa. Kada ka goge tsatsa da toka ko yashi ko lemon tsami kafin hoto, da tsatsar tambarin ke tafiya. Kada ka liƙe warƙa da salatif, kada ka kai ta a rufe da leda mai zafi, kada kuma ka sake jerin warƙoƙin. Kashe duk wani gyaran fuska da ƙawata hoto na waya, musamman manhajojin nan masu ƙirƙirarriyar basira da ke cewa za su fayyace hoto, don abin da ba su gani ba sukan ƙirƙiro shi, su sa harafi inda babu harafi. In za ka tura ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, domin turawar da aka saba na rage ingancin hoto ta kuma share kwanan wata da sauran bayanan da waya ta saka a ciki. Ajiye kwafi a wuri biyu, ka wanke wasu a takarda ka rubuta rana da wuri da sunanka a bayansu.

Sannan abin da ya fi duk wannan gaggawa. Je wurin wanda ya fi kowa shekaru a gidan, kada ka manta da gwaggonni, don sau da yawa su ke riƙe da salsalar kaya. Kunna rikoda ka tambaya: Baba, wa ya ba ka takobin nan, shi kuma wa ya ba shi? An taɓa fita da shi hawan salla? Wa ya sake masa kube? Alƙur'anin a wace tsangaya aka yi karatu da shi, ya taɓa zuwa gabas? In maganar mutum biyu ta saɓa, rubuta duka biyun da sunan mai kowace, kada ka zaɓa musu.

Ka yi hattara da inda hoton zai je. Wanda ya sa takobin gado a Facebook da sunan unguwa ya yi wa ɓarawo kwatance. Tun 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa gumakan yumɓu na Nok da Katsina da Sakkwato cikin jerin kayan Afirka da aka fi wawashewa, masu wannan sana'a kuma ba su yi ritaya ba. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasar nan ba da izini ba, ta hana sayar da su ga kowa sai hukumar ko wakilin da ta amince da shi, kuma aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 na cikin abin da ta ambata. In kana neman masani, nufi ma'aikatan hukumar a Birnin Kudu ko Gidan Makama a Kano, littafin kuma Gidan Arewa a Kaduna ko masana rubutun hannu na Jami'ar Bayero. Hoton ka kai musu, kayan su zauna a gida.

Jihar Jigawa na da masarautu biyar, Dutse da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim, kowace da tambura da kakaki da sulke da lifidi da takardu, ban da abin da ke ɗakunan gidajen sarauta da na malamai a Garu da Jahun da Kiyawa da Birnin Kudu. Ina kira ga Jami'ar Tarayya ta Dutse da majalisun masarautun da su sa ɗalibai wannan aiki gunduma gunduma, da izinin masu kaya, a ajiye kwafi a jami'a da fada. Kai kuma Malam, kada ka jira su, fara da naka a hutun nan tun dattawan gidan na da ƙarfin magana.